Mai son ganin namun dajin Zanzibar ya tafi da niyyar zama, ba leƙe ba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon ka ba mu fili mu yi magana a kan wata tafiya da ta fara shiga ran mutanenmu. 'Yan shekarun nan tallan zuwa Zanzibar ya cika Facebook da Instagram: kwana huɗu ko biyar, otal a bakin teku, hoto da kunkuru, sai a juyo gida. Wanda hutu kawai ya kai shi ba mu da ja da shi. Maganarmu da mai son ganin halittun da Allah Ya ajiye a waɗannan tsibirai ce, waɗanda wasunsu babu su a ko'ina a duniya sai can, musamman ɗalibai da malaman ilimin dabbobi da tsirrai da muke da su jingim a nan Samaru, da dattawan da suka ajiye aiki suke da lokaci. Ga irin wannan mutum, kwana biyar asarar kuɗin jirgi ce. Naman daji ba ya fitowa don baƙo ya iso. Sai ka san inda yake kwana da lokacin da yake fita kiwo, ka je yau, ka koma gobe, ka sake komawa jibi. Wannan aikin mako biyar ne zuwa shida, kuma in an tsara shi da kyau, abin da za a kashe kowace rana ba zai kai na mai zaman otal ba.

Manyan tsibiran biyu ne. Unguja, inda babban birnin yake, tsawonsa kimanin kilomita 85, shi ne mutane ke kira Zanzibar. Pemba na arewa da shi, ya fi ruwan sama da duhun itatuwa, kuma daga can mafi yawan kanumfarin ƙasar ke fitowa. Tun 1964 suke haɗe da Tanganyika a ƙasar Tanzaniya, don haka bizar Tanzaniya ake nema.

A nan mutanenmu suka fi yin tuntuɓe. Fasfon Nijeriya, har da na Nijar, yana cikin waɗanda ba a buga wa biza a filin jirgi. Sai an cike takarda ta intanet, an miƙa ta hedikwatar shige da fice ta amince tukuna, kuma su da kansu suna ba da shawarar a nema da wata biyu kafin tafiya, kada a yanki tikiti sai amincewa ta fito. Mai yankar tikiti tun da fari don ya ga farashi ya sauka, shi ne ke ƙarewa da biyan tarar sauya rana. Bizar yawon buɗe ido ba ta wuce kwana 90, kuma ba ta halatta aiki ko binciken ilimi. Ɗalibin da zai tattara bayanai don kundin digirinsa sai ya nemi izinin bincike daban ta hannun jami'arsa. Sai katin rigakafin shawara, wanda dole ne ga duk mai fitowa daga Nijeriya: allurar ba ta fara aiki a hukumance sai bayan kwana 10, amma tun 2016 guda ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Daga 1 ga Oktoba 2024 kuma gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorarta ta dala 44, mai aiki har kwana 92, ko da mutum yana da wata inshorar. Kada a zuba kaya a leda, an haramta ta a Tanzaniya tun Yuni 2019. Dalar da za a riƙe ta zama sabuwar bugawa, don masu canji kan ƙi wadda aka buga kafin 2009, kuma a canza isasshen shilin a birni, domin na'urar cire kuɗi ba ta da yawa a ƙauyuka.

Lokacin tafiya shi ne rabin shirin. Damina biyu suke yi. Babbar daga Maris zuwa Mayu, kuma a Afrilu kaɗai birnin kan sami ruwa kusan milimita 400, alhali mu nan Zariya abin da muke samu a shekara duka bai fi dubu da 'yan kai ba. A lokacin masauki na araha, amma hanyoyin daji na zama taɓo, teku ya gurɓace. Ƙaramar damina kuma Nuwamba zuwa Disamba. Mu dai a ganinmu tsakiyar Yuli zuwa Oktoba ya fi: zafi da sauƙi, daji a bushe, kuma lokacin ne manyan dabbobin tekun nan masu doro, waɗanda Bature ke kira whale, ke ratsowa daga kudu da 'ya'yansu. Illarsa ɗaya, iskar kudu da suke kira kusi tana tayar da teku, musamman Yuni zuwa Agusta. Wanda tsuntsaye suka fi damunsa ya zaɓi Janairu da Fabrairu, lokacin da baƙin tsuntsayen bakin ruwa daga arewacin duniya ke cika mashigin Chwaka, sai dai ya shirya wa zafi mai gumi wanda ɗan Arewa bai saba da shi ba.

Game da masauki, kada a biya wata guda ta intanet tun daga gida. A kama ɗaki na kwana uku a birni, a zaga da ƙafa, a yi ciniki da mai gida baki da baki a kan mako ko wata. A buɗe famfo a ɗanɗana ruwan, don rijiyoyin wasu ƙauyukan gaɓar gabas na da gishiri-gishiri. A duba gidan sauro ko ya huje, a tabbatar akwai wurin girki. Shinkafa, rogo, kifi da kwakwa na da sauƙi a kasuwa, kuma mai dafa wa kansa ya rage babban kaso na kashe kuɗi. Daladala, wato motocin hayarsu, na kai mutum kusan ko'ina. Mai son tuƙa mota ko babur ya tuna ta hagu suke bi, kuma sai ya karɓi takardar izinin tuƙi ta Zanzibar a kan lasisinsa. Wani abu da ke sa baƙi rasa jirgin ruwa shi ne lissafin agogo. Bayan awa biyun da suka riga mu, Baswahile daga fitowar rana yake fara ƙirga sa'a, don haka ƙarfe ɗayansa na safe shi ne bakwai a agogon hannunka. Duk alƙawarin da za a yi da mai kwale-kwale, a nuna masa lokacin a fuskar waya.

Yanzu ga abin da ya kai mutum. Gandun Jozani, kilomita 35 kudu maso gabas da birni, faɗinsa murabba'in kilomita 50, an mai da shi gandun ƙasa a 2004. A nan ake ganin birin da suke kira kima punju, mai jan baya, baƙar fuska, farin gashi tsaye a goshi, hanci da leɓe ruwan hoda. Ba jan birinmu mai gudu a ƙasa ba ne. Wannan ɗan saman itace ne, kuma in ka lura da hannunsa za ka ga kusan babu babban yatsa. Ƙidayar da aka fitar a 2017 ta sami 5,862 kacal a Unguja. Abincinsa ɗanyen ganye ne da 'ya'yan itacen da ba su nuna ba, cikinsa kashi-kashi ne, ƙwayoyin bakteriya da ke cikinsa ke narkar masa da ganyen. Shi ya sa ayabar da baƙo ke miƙa masa don ya samu hoto cuta ce, zaƙin na lalata masa ciki. Akwai kuma wata ɗabi'a tasa da masana suka daɗe suna nazari: yana cin gawayi. Ganyen mangwaro da na itacen inuwar nan mai faɗin ganye, ɗan'uwan baushe, suna da sinadarai masu ɗaci da ke wahalar da ciki, gawayin ne ke tsotse su. Za ka ga uwa ta sauko kan kututturen da ya ƙone, ta ɓantari ɗan guntu tana gurgura, ɗanta na manne a ƙirjinta yana kallo. Mai zuwa na awa ɗaya cikin ayari da wuya ya dace da wannan.

Dabarar ita ce a sauka kusa, a ƙauyukan da ke kewaye da gandun ko a Paje da Jambiani, a iso da zarar an buɗe ƙofa da safe, kafin motocin otal-otal su fara sauke mutane da hantsi. Da safe birai ke kiwo, da rana tsaka sai su kwanta suna narkar da abinci. A nemi jagora guda a riƙe shi duk tsawon zaman, a gaya masa tun ranar farko cewa ba sauri ake ba. Dokar gandun ita ce a bar tazarar mita uku, kuma mai mura ko tari ya haƙura da shiga, don cutarmu na kama su. Kada a tsaya daidai ƙarƙashin garke, kada a zura wa babban namiji ido. In tsautsayi ya sa biri ya yi cizo ko yaƙushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana minti 15, a tafi asibiti ranar don allurar ciwon haukan kare, ba sai an ga ya kumbura ba. Mai tuƙi kuma ya rage gudu a titin da ya ratsa gandun, don mota na cikin abubuwan da ke kashe su. A rana ta uku ko ta huɗu, idan ido ya saba da duhun daji, sai sauran mazauna su fara bayyana: wani biri mai launin toka-toka, da wata 'yar dabba mai dogon hanci, gabanta ja bayanta baƙi, da ke tsere cikin busasshen ganye. Ita kam kunne ke fara gano ta kafin ido. Akwai wata ƙaramar gada ta daji da ake kira gadar Aders, amma a rage buri a kanta, tana da wuyar gani ƙwarai. Damisar tsibirin kuwa masana sun daɗe suna ɗaukar ta ƙare.

Teku shi ne inda muka fi jin tsoro ga mutanenmu, domin akasarinmu ba mu iya iyo ba, kuma ba mu san ruwan da ke tafiya ya dawo ba. Sau biyu a yini ruwan ke cikowa ya janye, kowace rana yana jinkirta da kimanin minti 50. A gaɓar gabas bambancin kan kai mita huɗu, ruwan ya ja baya fiye da kilomita guda, ya bar fili shimfiɗe kamar fadama bayan ambaliya. Lissafin ba zai yi wa Musulmi wuya ba, don da wata yake tafiya: janyewa mafi nisa na zuwa ne a farkon wata da kuma wajen 14 zuwa 16 gare shi, galibi da hantsi. Waɗannan ranaku ake ware wa tafiya a kan filin, inda ake ganin ƙaguwa iri-iri, dorinar ruwa, taurarin teku, da mata masu noman ciyawar ruwa. A sauke jadawalin cikar teku a waya, a fita awa ɗaya da rabi kafin ƙarshen janyewa, a juyo da zarar ruwan ya tsaya. Abin da ke halaka baƙo shi ne ruwan ba daga gabansa kawai yake dawowa ba, yana fara cika kwaruruwan da ke bayansa, kafin ya farga an raba shi da tudu. Takalmin roba mai kaurin tafi wajibi ne, saboda bushiyar teku mai dogayen ƙayoyi da kifin nan mai dafi da ke kwanciya kamar dutse. In an taka, a tsoma ƙafar a ruwan zafi gwargwadon abin da fata za ta jure, kada ya wuce digiri 45, na minti 30 zuwa 90, don zafi na karya dafin, sannan a nufi asibiti. Kada a ɗauki dodon koɗi mai siffar mazurari da hannu, yana harbi. Murjani da ƙwanso kuma a bar su inda aka gan su.

A Kizimkazi, can kudu, ake fita kallon dolfin, dabbar teku mai siffar kifi da ke shayar da 'ya'yanta. Gaskiya abin da ake yi a wurin sau da yawa ba ya da daɗin gani: kwale-kwale da yawa su rufar wa garke guda, mutane na faɗawa ruwa a kansu, alhali lokacin hutunsu ne da shayar da 'ya'ya. Baƙo ne ke da ikon gyara wannan, tun da shi ke biya. A yi sharaɗi da mai jirgi tun a tudu: rigar hana nutsewa ga kowa, ba kora, ba ratsa tsakiyar garke, a tsaya kimanin mita 50 a rage inji. Sau da yawa in an yi shiru su da kansu suke matsowa. Kafin a bar garin a shiga masallacin Kizimkazi Dimbani, wanda rubutun da ke jikin mihrabinsa ke ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. Manyan kunkurun tsibirin Changuu da ake ta ɗaukar hoto da su kuwa ba 'yan asalin wurin ba ne, daga Seychelles aka kawo kakanninsu guda huɗu a 1919. Rabin yini ya ishe su.

Gargaɗi guda da ba ma son a ɗauke shi da wasa: ko wa ya miƙo naman kunkurun teku, kada a ci. Bayan doka ta hana kama shi, naman kan ɗauki guba da dafuwa ba ta kashewa, kuma ba a gane ta da ido ko ɗanɗano. A Maris 2024 yara takwas da babba guda sun rasu a tsibirin Panza na Pemba bayan sun ci, wasu da dama suka kwanta asibiti.

Pemba ta cancanci mako biyu cur, kuma ita ce masu gajeren zama ba sa takawa. Ƙaramin jirgin sama na kai mutum cikin kusan rabin awa. Mai bin ruwa ya hau babban jirgin fasinja mai rajista, da rana, kada ya yarda da wanda aka yi wa lodi fiye da kima; a wannan mashigi ne jirgin Spice Islander ya nutse a Satumba 2011 da ɗimbin rayuka. Kusa da Chake Chake akwai Kidike, inda dubban jemagun Pemba ke rataye a manyan itatuwan wata tsohuwar maƙabarta. Jemage ne mai jan gashi da fuska irin ta kare, buɗin fikafikansa ya kai mita ɗaya da rabi. A wajen 1990 'yan ɗaruruwa aka iya ƙirgawa saboda farauta da sare itatuwa. Mutanen ƙauyuka suka kafa ƙungiyoyin tsaron wuraren kwanansu, zuwa 2008 aka ƙiyasta sun haura 22,000. A je da la'asar sakaliya a jira tashinsu da magariba, kuma kada a bari yara su yi jifa ko tafi don a tashe su saboda hoto, uwa kan saki ɗanta in ta firgita. Daga nan a koma arewa a sauka a Konde, kusa da dajin Ngezi mai hekta 1,440. Tsuntsaye huɗu ne babu su a ko'ina sai Pemba: sha-kaucinta, da ɗan ƙaramin nan mai farin zobe a ido, waɗanda ake gani har a lambun masauki, sai koriyar kurciya da ke ɓuya a itatuwa masu 'ya'ya, sai ƙaramar mujiya. Mujiyar ce ke buƙatar haƙuri. Ana fita da jagora bayan magariba, a tsaya a gefen daji ko gonar kanumfari a kasa kunne. In za a kunna kukanta a waya, sau ɗaya ko biyu ya isa, don yawan kunnawa na hana ta farauta. A haska gefen reshe, ba cikin idonta ba. Tsibirin Misali kuma, ban da kyan murjaninsa, yana da darasi ga malamanmu: a can an yi amfani da ayoyin Alƙur'ani ta bakin limamai da malaman islamiyya wajen shawo kan masunta su bar kamun kifi da nakiya.

Kayan aiki ba su da yawa, amma laima na cin su. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42, wanda ruwa ba ya shiga, ya fi kowace kyamara amfani. Mu da muka saba da bushewar hunturu ba mu san fumfuna na tsirowa cikin gilashin kyamara ba, alhali can makonni kaɗan a rufaffiyar jaka sun isa ta fara yaɗo kamar zare, kuma in ta ci gilashin ba ta gyaruwa. A tafi da robar abinci mai murfin da iska ba ta shiga, da ƙullin silika, sinadarin nan mai tsotse laima, irin mai sauya launi, kamar gram 200, a riƙa kwanar da kayan a ciki. In silikar ta jiƙa a gasa ta a wuta marar ƙarfi, wajen digiri 120, awa ɗaya zuwa biyu. In an fito daga ɗaki mai na'urar sanyi a bar jaka a rufe minti 20, in ba haka ba raɓa ta kwanta a gilashi. Bayan kowace fita teku a goge komai da tsumma mai ɗan ruwan daɗi, don gishiri na sa tsatsa har a zik. Soket ɗinsu irin namu ne. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuwa sai da izini, gara a bar shi a gida.

Zazzaɓin cizon sauro ya ragu sosai a tsibiran amma bai ƙare ba, kuma akwai dengi, wanda sauronsa da rana yake cizo. Zazzaɓi ya zo, a yi gwaji kafin a sha komai, a tsaya kan farasitamol, a guji asfirin da ibuprofen har sai an tabbatar ba dengi ba ne, domin suna ƙara zubar jini. Ƙaramin rauni, musamman yankan murjani, na saurin ruɓewa a wannan laima, a wanke shi ranar a sa magani.

Ta fuskar addini baƙo ba zai sha wuya ba, kusan kowa Musulmi ne, abinci halal ne. Abu biyu dai a sani. Alƙibla a can arewa take kusan sak, ba gabas ba, don Makka na saitin tsibiran ta arewa. Akasarinsu kuma Shafi'awa ne, za ka ji liman ya bayyana bisimilla, ya yi ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u. A mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya daina ƙasaru, don haka mai irin wannan tafiya cika sallarsa zai riƙa yi a kowane zango.

Ya Edita, roƙonmu gare ka shi ne jaridar nan ta buɗe ɗan shafi, ko sau ɗaya a wata, na kallon tsuntsaye da namun daji da harshen Hausa. Mai niyyar wannan tafiya kuma ya fara horar da idonsa tun daga gida, wata uku kafin tashi: ya riƙa fita bayan Asuba zuwa bakin dam ɗin jami'a, ko gindin dutsen Kufena, ko gaɓar Galma, da madubinsa da ɗan littafi, yana rubuta rana, lokaci, wuri, abin da ya gani da abin da yake yi. In ya isa can ya ci gaba da hakan, ya riƙa shigar da bayanan a manhajar eBird ko iNaturalist ta intanet, inda masu bincike za su iya amfana da su.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Wasu masu sha'awar kallon tsuntsaye da namun daji,
Samaru, Zariya.